Alhakin Kamfanonin Sadarwa a Lokacin Ɗaukewar Wuta da Bala'in Damina: Nazari kan Najeriya Tare da Waiwayen Wasu Ƙasashe

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci iyakar alhakin da ke wuyan kamfanonin wayar salula idan sabis ya yanke sakamakon ɗaukewar wutar lantarki, guguwa ko ambaliya. An kwatanta yadda hukumomin Amurka, Birtaniya da Japan suka tunkari matsalar da halin da ake ciki a Najeriya, inda rashin wuta ya daɗe da zama yanayin yau da kullum. Nazarin ya nuna cewa mafi yawan abubuwan da ke kashe turakun sadarwa abubuwa ne da ake iya hangowa, cewa sayar da turaku ga wasu kamfanoni ya rarraba aikin ba tare da ya sauke alhakin daga kan mai lasisi ba, kuma cewa auna inganci da matsakaicin lissafi yana ɓoye yankunan da suka fi cutuwa.

1.0 Gabatarwa

Lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara sayar da layukan GSM a watan Agustan 2001, layukan tarho da NITEL ke da su a faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma mafi yawansu na ofisoshin gwamnati ne da manyan 'yan kasuwa. A yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150, kuma a kansu ne tura kuɗi, sana'ar masu POS, rajistar jarrabawa, neman likita da kiran lambar gaggawa ta 112 suka dogara. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ya nuna cewa idan sabis ya tsaya cinikin kasuwa ma yakan tsaya, har a ƙauyukan da ba su da reshen banki ko ɗaya.

Manufar maƙalar ita ce amsa tambaya guda: idan wuta ta ɗauke ko iska da ruwa suka yi ɓarna, wane kaso na yankewar sabis ne ya kamata a ɗora wa kamfanin da ya sayar da layi, kuma da wane ma'auni? Akwai wasu kalmomi da za su riƙa maimaituwa. "Turke" shi ne hasumiyar ƙarfe tare da eriyoyi da na'urorin da ke ƙarƙashinta. "Wutar ajiya" ita ce batura, janareto ko hasken rana da ke riƙe turke idan wutar gari ta yanke. "Jijiyar haɗi" ita ce hanyar da ke kai saƙo daga turke zuwa cibiyar kamfani, ko ta wayar fayiba da aka binne a ƙasa ko ta faifan da ke harba sigina daga turke zuwa turke. "Juriya" kuwa ana nufin iyawar tsarin ya ci gaba da aiki a cikin bala'i, ya kuma farfaɗo da wuri bayansa.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Ra'ayi mafi daɗewa a bakin kamfanoni shi ne cewa gasa ta isa ta tilasta juriya, domin kamfanin da sabis ɗinsa ke yawan yankewa zai rasa masu hulɗa da shi, don haka ba a buƙatar doka ta ƙayyade masa yawan batura. Wannan ita ce hujjar da ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta Amurka, wato CTIA, ta riƙe shekaru da dama, tare da ƙarin cewa turaku sun bambanta, wasu a kan rufin gini suke inda ba a iya ɗora janareto, saboda haka doka guda ba za ta dace da kowa ba. Kashi na biyu na hujjar yana da gaskiya. Kashi na farko kuwa yana da rauni, domin mai sayen layi ba shi da hanyar sanin awa nawa baturin turken unguwarsu zai yi kafin ya saya, kuma a inda kamfanoni uku ke rataye a turke guda mai janareto guda, sauya layi ba ya tsirar da kowa.

Ra'ayi na biyu yana ɗaukar sadarwa a matsayin hidimar jama'a irin ruwan famfo da wuta, wadda duk wanda ya karɓi lasisin gudanar da ita ya karɓi wajibin da ba ya faɗuwa a ranar wahala. Rahoton kwamitin da hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta kafa bayan guguwar Katrina, wanda ya fito a 2006, ya ƙarfafa wannan ɓangare, domin ya sanya yankewar wuta da wahalar kai mai a cikin manyan dalilan durƙushewar sadarwa. Binciken da injiniya Alexis Kwasinski ya yi a wuraren da guguwar ta shafa shi ma ya karkata ga haka.

Na uku ya fito ne daga masu nazarin manyan tsare-tsare. Charles Perrow, a littafinsa na 1984 kan haɗurran da tsari ke haifarwa da kansa, ya nuna cewa idan sassan tsari suka sarƙe da juna sosai ƙaramar matsala takan bazu kafin a farga, sannan Rinaldi da Peerenboom da Kelly, a maƙalarsu ta 2001, suka fayyace yadda wuta, mai, sufuri da sadarwa ke jingine da juna. Amfanin wannan ra'ayi shi ne yana hana a ɗora komai a kan kamfani guda, illarsa kuma ita ce yana iya zama mafaka ga kowa, tunda idan kowa na da hannu ba a iya kama kowa. A Najeriya, aikin Jacob da Akpan na 2015 kan rufe layukan waya a Arewa maso Gabas a 2013 ya bayyana irin cutuwar da jama'a ke yi idan sabis ya ɗauke, ko da yake abin da suka nazarta rufewa ce da gwamnati ta yi da gangan.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatanci, inda aka duba dokoki, umarnin hukumomi da abubuwan da suka faru a bainar jama'a daga 2005 zuwa 2025. An auna kowane lamari da tambayoyi uku: ko ana iya hango abin da ya faru, ko akwai matakin kariya da kuɗinsa bai wuce hankali ba, da kuma wanda matakin yake hannunsa. Ba a sanya rufe layuka bisa umarnin gwamnati ba, irin na jihohin Borno, Yobe da Adamawa a 2013 ko na Zamfara a watan Satumban 2021, domin a can kamfani umarni ya bi, kuma tambayar alhakinsa ta wani fanni ce.

4.0 Nazari

4.1 Yadda turke ke mutuwa

Na'urorin turke suna aiki ne da wutar baturi mai ƙarfin bolt 48, kuma wutar gari ko ta janareto aikinta shi ne ta riƙa cika baturan tana ciyar da na'urorin a lokaci guda. Idan wutar gari ta ɗauke, akwai makunni da ke tayar da janareto da kansa, idan kuwa janareton ya ƙi tashi ko mai ya ƙare, batura ne za su riƙe turken har su zube. Tsawon wannan lokaci ya danganta da girman baturan, shekarunsu da nauyin da ke kansu. Baturin dalma, wanda shi ne aka fi amfani da shi kafin yaɗuwar na litiyam, rayuwarsa takan ragu da kusan rabi a duk ƙarin zafi na digiri 10 a kan digiri 25, kuma wannan ya sa baturin da aka rubuta zai yi awa takwas yana iya gazawa tun kafin rabin haka bayan ya sha bazara biyu a Sakkwato ko Maiduguri. Satar batura da dizal ta ƙara tsananta matsalar, domin turke yana iya zama tsirara ba tare da an sani ba sai ranar da aka buƙaci ajiyar.

Iska da ruwa kuwa ba kasafai suke kayar da hasumiyar kanta ba. Abin da suka fi yi shi ne su karkatar da faifan haɗi daga saitinsa, ko ruwan sama mai ƙarfi ya raunana siginar faifan, ko tsawa ta ƙone na'ura a inda ba a binne wayar kariya yadda ya kamata ba, ko zaizaya ta tone fayibar da ke gefen titi ko ƙarƙashin gada. A nan ne bambancin turaku yake da muhimmanci, domin akwai turken da shi kaɗai yake, akwai kuma uwar turaku wadda jijiyar haɗin wasu da dama ke bi ta kanta, kuma mutuwarta takan kashe su duka ko da janaretocinsu na aiki. Sai cunkoso: a sa'ar da bala'i ya auku kowa yana kira lokaci guda, turakun da suka rage kuma suna ɗaukar nauyin waɗanda suka mutu, wanda hakan ke ƙara saurin shanye baturansu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da injiniyan sadarwa bai san da shi ba tun kafin a kafa turke, kuma wannan shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

4.2 Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Guguwar Katrina ta watan Agustan 2005 ta kashe turaku fiye da 1,000 da layukan gida kimanin miliyan 3. A 2007 hukumar FCC ta kafa doka cewa cibiyoyin tarho su tanadi wutar ajiya ta awa 24, turaku kuma ta awa 8. Kamfanoni suka garzaya kotu, kotu ta dakatar da dokar, ofishin kasafin kuɗi na fadar shugaban ƙasa ya ƙi amincewa da ɓangaren tattara bayananta a 2008, dokar ta mutu ba ta taɓa aiki ba. Bayan shekara huɗu, guguwar Sandy ta 2012 ta kashe kusan kashi 25 cikin ɗari na turakun yankunan da ta shafa a jihohi goma. A 2016 manyan kamfanoni suka rattaba hannu kan yarjejeniyar sa-kai ta taimakon juna, amma a watan Satumban 2017 guguwar Mariya ta kashe kimanin kashi 95 cikin ɗari na turakun tsibirin Puerto Rico, kuma an kwashe watanni kafin wasu yankuna su dawo. Sai a 2022 hukumar ta mayar da yarjejeniyar sa-kan nan wajibi, har da tilasta "aron layi", wato kamfani ya bar wayoyin abokin gasarsa su hau turakunsa a lokacin bala'i.

Jihar Kalifoniya ba ta jira gwamnatin tarayya ba. A watan Oktoban 2019 kamfanin wuta na PG&E ya kashe wuta da gangan don gudun gobarar daji, sai fiye da rabin turakun gundumar Marin suka mutu, alhali babu iskar da ta taɓa su. A watan Yulin 2020 hukumar jihar ta wajabta wutar ajiya ta awa 72 a yankunan da ke da haɗarin gobara. Wannan misali ya fi sauran kusa da halin Najeriya, domin rashin wuta kaɗai ne ya yi ɓarnar.

A Birtaniya matsalar ta ɓullo ta wata kafa. Tsohon tarhon gida yana samun wutarsa ne daga cibiyar kamfani ta cikin wayar tagulla, saboda haka yakan yi aiki ko da gida na cikin duhu, amma sabon tarhon da ke bi ta intanet yana mutuwa tare da wutar gida. Hukumar Ofcom ta shar'anta a 2018 cewa a samar da hanyar kiran gaggawa ta aƙalla awa guda, sai guguwar Arwen ta watan Nuwamban 2021 ta bar wasu ƙauyuka fiye da mako ba wuta, abin da ya sa kamfanin BT ya dakatar da sauya tarhon jama'a a watan Maris na 2022. Japan kuwa, bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta 11 ga Maris 2011 ta tsayar da turaku kimanin 29,000, ta bi hanyar fifita wasu wurare, inda kamfanin NTT Docomo ya tanadi wutar awa 24 ga turaku kimanin 1,900 da ke hidima ga ofisoshin ƙananan hukumomi da makamantansu.

Abin lura a jerin nan shi ne kusan kowace doka ta zo ne bayan an yi asara, kuma alkawarin sa-kai bai hana maimaituwar asarar ba.

4.3 Najeriya: inda rashin wuta ba baƙo ba ne

Dokokin da aka ambata an gina su ne a kan zaton cewa wutar gari ita ce asali, baturi kuma na ɗan lokaci ne. A Najeriya lamarin a juye yake, domin a turaku da yawa janareto ne asali, wutar gari kuma idan ta zo ragin kuɗi ce. Wannan yana da fuska biyu. Ta fuskar farko, turakun Najeriya sun fi na Turai jure durƙushewar babban layin wuta na ƙasa, kuma shi ya sa ake iya karanta labarin durƙushewar a waya a daidai lokacin da take faruwa, saɓanin abin da aka gani a Sifaniya da Fotugal ranar 28 ga Afrilun 2025, inda sabis ya riƙa raguwa yayin da batura ke zubewa. Ta fuska ta biyu, haɗarin ya tashi daga wayar lantarki ya koma kan tankar mai, kuma duk abin da ya tare hanya ya zama barazana ga sadarwa.

Ambaliyar 2022 ta nuna haka, lokacin da ruwa ya shafe hanyar Lakwaja tankoki suka maƙale, har ƙarancin mai ya kai Abuja. A watan Agustan 2025 kuma, ba tare da ruwa ko iska ba, taƙaddama tsakanin ƙungiyoyin masu dakon mai da wani kamfanin turaku ta sa aka tare rumbunan ɗaukar dizal, ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta ALTON ta yi gargaɗin cewa turaku kimanin 16,000 na cikin haɗari. Saboda haka tambayar da ta dace da Najeriya ita ce kwana nawa turke zai yi idan tanka ba ta iso ba.

Doguwar ɗaukewar wuta ma ba sabon abu ba ce. A watan Janairun 2021 'yan ta-da-ƙayar-baya suka karya turakun layin wuta na Damaturu zuwa Maiduguri, birnin ya daɗe a yanke daga babban layi, har aka gina masa tashar iskar gas mai megawat 50 da aka buɗe a 2023. A watan Oktoban 2024 aka lalata layin kilobolt 330 na Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, sai mafi yawan jihohin Arewa suka yi fiye da mako cikin duhu. A irin wannan lokaci duk turken da ke samun wasu awanni daga wutar gari yakan koma kan dizal dare da rana, jadawalin kai mai da aka tsara ya daina isa, janaretocin da ba su saba da aiki ba hutu su fara lalacewa. Haka nan Jamhuriyar Nijar, wadda a lokacin take samun kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga Najeriya, ta tsinci kanta cikin wannan hali lokacin da aka yanke mata wuta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024.

Game da ruwa, ɓallewar madatsar Alau ranar 10 ga Satumban 2024 ta shafe babban ɓangare na Maiduguri, har da fadar Shehu, kasuwar Monday da asibitin koyarwa na jami'a. Madatsar ta taɓa jawo irin wannan ambaliya a 1994, kuma hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara, suna ambaton jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Kamfanin da ya girke janareto da akwatin batura a daben ƙasa a cikin kwarin Ngadda, alhali ɗaga su a kan dakali ko ƙarfe ba wani babban kuɗi ba ne, ba zai ce ruwa ya shammace shi ba.

Akwai wani ɓangare da ake yawan mantawa, wato wayar da ke hannun mai layi. Turke mai aiki ba shi da amfani ga wanda wayarsa ta mutu, kuma a unguwanni da yawa rumfar mai cajin waya ita ce ƙarshen jijiyar sadarwa. Wannan ba alhakin kamfani ba ne a doka, amma kamfanin da ke da janareto mai aiki a tsakiyar garin da ruwa ya ci yana da damar buɗe wurin caji ga jama'a da kuɗi kaɗan.

4.4 Rarrabuwar aiki da zaman alhaki

A 2014 manyan kamfanoni suka sayar da turakunsu: MTN ya miƙa kimanin 9,000 ga IHS, Etisalat ya sayar masa da fiye da 2,000, Airtel kuma ya sayar da kimanin 4,800 ga American Tower. Tun daga nan, a mafi yawan turaku, kamfanin da sunansa ke kan layi haya yake yi, kamfanin turaku ne ke kula da janareto da batura, shi ma yakan ba ɗan kwangila aikin kai mai da gadi, fayibar kuma tana iya zama ta wani dabam. Tsarin ya rage kuɗi ya kuma rage yawan hasumiyoyi a gari, amma ya haɗa ƙaddarar kamfanoni wuri guda, ya kuma buɗe ƙofar turawa juna laifi.

Matsayin wannan maƙala shi ne mai layi ba shi da yarjejeniya da kamfanin turaku, bai san sunansa ba, kuma ba shi ya zaɓe shi ba. Wanda ya karɓi kuɗin kati da na data shi ne ya yi alkawarin hidima, kuma sashe na 104 na Dokar Sadarwa ta Najeriya ta 2003 ya ɗora wa masu ba da hidima wajibin cika ma'aunin ingancin da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta gindaya. Idan kamfanin turaku ne ya yi sakaci, mai lasisi ya biya mai layi tukuna, sannan ya bi haƙƙinsa ta yarjejeniyar hayar da ke tsakaninsu, wadda dama takan ƙunshi ragin kuɗi idan wuta ta yanke a turke. Wannan ba ya hana hukuma ta binciki kamfanonin turaku kai tsaye, tunda su ma da lasisinta suke aiki.

Gwamnati ma tana da nata kason. 'Yan kwangilar hanya suna yanke fayiba, wasu hukumomin jiha suna garƙame turaku saboda haraji, tsaron tankoki a hanyoyin Zamfara ko Birnin Gwari kuwa ba aikin kamfani ba ne. Umarnin shugaban ƙasa na 2024 da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin bayanai na ƙasa ya amsa wani ɓangare na wannan koke, sai dai kariyar da kamfanoni suka nema suka samu ta ƙara ƙarfin hujjar cewa su ma a tambaye su abin da suka tanada.

4.5 Uzurin abin da ya fi ƙarfin mutum

Yarjejeniyoyin hidima sukan ƙunshi sharaɗin da ke wanke kamfani idan abin da ya fi ƙarfinsa ya auku, kamar ambaliya, guguwa ko yaƙi. Asalin wannan sharaɗi a doka shi ne abin ya kasance ba a iya hango shi ba kuma ba a iya kauce masa ba, amma a aikace akan faɗaɗa shi har ya rufe duk wata yankewa da ta zo tare da hadari. Ruwan Agusta a Kano ko iskar farkon damina a Katsina ba su cika sharaɗin farko ba, ɗaukewar wuta a Najeriya kuwa ta fi su nisa da cika shi.

Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, yana da ƙa'idoji biyu masu haska wannan batu, ko da yake ba a kansa aka gina su ba. Ta farko ita ce lamunin masu sana'a, inda maɗinki ko marini da ya karɓi kayan mutane ya ɓoyu da su yake ɗaukar asararsu sai in hujja ta tabbatar cewa ba da sakacinsa suka salwanta ba, saboda shi ne ya san abin da ya faru, mai kaya kuwa ba ya wurin. Ta biyu ita ce hukuncin annobar da ta faɗa wa 'ya'yan itacen da aka saya tun suna bisa, inda ake rage wa mai saye kuɗi idan ɓarnar ta kai sulusi. Abin da za a ɗauka daga ta farko shi ne nauyin kawo hujja ya hau kan wanda bayanai ke hannunsa, kuma kamfani yana da cibiyar sa ido da ke rubuta sa'ar da kowane turke ya mutu da dalilin mutuwarsa. Daga ta biyu kuwa, ko da ba laifin kowa ba ne, bai dace mai saye ya biya cikakken kuɗin abin da bai same shi ba.

4.6 Ma'auni, tara da kuɗi

Ma'aunan ingancin da aka fi sani, kamar yawan kiran da ya shiga da yawan wanda ya katse, ana fitar da su ne a matsayin matsakaici na wani tsawon lokaci a kan faffaɗan yanki. Ƙaramar hukuma guda a Yobe tana iya yin kwana huɗu ba sabis ba tare da alƙaluman kamfani sun motsa ba, domin kiran Legas da Abuja ya rinjaye su. Tarar naira biliyan 1.17 da NCC ta ci kamfanoni huɗu a 2012, da ta naira miliyan 647.5 da ta ci uku a 2014, sun tafi asusun gwamnati ne, mai layin da datarsa ta ƙare a kwanakin da ba sabis bai ga ko kwabo ba. Umarnin da hukumar ta bayar a watan Mayun 2025, cewa kamfanoni su sanar da jama'a duk babbar yankewa, su shigar da ita a shafin da aka buɗe don haka, su kuma biya diyya idan ta wuce awa 24, shi ne mataki mafi kusa da gyara wannan giɓi.

Hujjar tsada ba abin wasa ba ce. Farashin dizal ya ninka fiye da sau biyu a 2022, darajar naira ta faɗi bayan watan Yunin 2023, wani ɓangare na kuɗin hayar turaku yana ɗaure da dala, kuma MTN Najeriya ya bayyana asara a 2023 da 2024. Amma ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data da aka amince da shi a watan Janairun 2025 an kafa shi ne a kan alkawarin inganta hidima, kuma wajabta awa 72 ga kowane turke ba shi ne abin da ake nema ba. Hanyar Japan ta fifita wurare ta fi dacewa da aljihun da ake da shi.

5.0 Abin da ya Kamata a Yi

Ya kamata NCC ta kasa turaku gida-gida, ta ware uwayen turaku da waɗanda ke hidima ga asibitoci, cibiyoyin kiran gaggawa, hedikwatocin ƙananan hukumomi da garuruwan da turke guda ke riƙe da su, ta wajabta musu adadin kwanakin da za su yi ba tare da an kai musu mai ba, ko da babban tanki ko da hasken rana da baturin litiyam, kuma a riƙa gwada su a watan Afrilu kafin saukar damina maimakon a dogara da abin da aka rubuta a takarda. A yankunan da NIHSA ta ambata cikin hasashenta, a ɗaga na'urori sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, uwayen turaku kuma a ba su jijiyar haɗi biyu da ba hanya ɗaya suka bi ba. Aron layi, wanda aka riga aka gwada tsakanin MTN da 9mobile ta fuskar kasuwanci, a mayar da shi wajibi a duk inda aka ayyana bala'i. Diyya ta riƙa shiga layi da kanta ba tare da mai layi ya rubuta koke ba, alƙaluman yankewa kuma a riƙa buga su ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, tare da dalilin kowace yankewa, domin majalisun jihohi da masu bincike su iya bibiya.

Sashe na 149 na dokar 2003 ya riga ya ba hukumar ikon umartar masu lasisi su tsara shirin tsira da farfaɗowar hidimarsu a lokacin bala'i, saboda haka ba a buƙatar komawa majalisa kafin a fara wannan aiki.